Kayan ban ruwa na ɗigo a lambunan Ankara: wa za su amfana, wa za su ja wa asara

Wanda ya taɓa bi ta Dzorwulu da sassafe, ƙarƙashin manyan wayoyin lantarkin nan, ko ta Roman Ridge, ko wajen Korle Bu, ya san yadda ake bayi, wato ban ruwan lambu, a Ankara, babban birnin Ghana. Buta biyu ce, kowace lita 15, ɗaya a dama ɗaya a hagu, daga kududdufi zuwa fangali, a juye a koma. Kilo 30 ke nan a kowane sawu. Da yawa daga masu wannan aiki mutanen zango ne da 'yan arewa, kuma latas da kabejin da ake yankawa a kan waakye, wato shinkafa da wake, a unguwannin Nima da Maamobi daga irin waɗannan lambuna suke fitowa. Ankara ba gari ne mai yawan ruwan sama ba, abin da take samu a shekara wajen milimita 800 ne, Kumasi kuwa tana kai wajen 1,400. Don haka idan mai shagon kayan gona ya ce da mutum, Alhaji ga tiyon da zai yi maka bayi kana zaune, dole kunne ya tashi.

Kayan da ake magana su ne na ɗigo masu aiki da tanki, ba tare da injin da ke tura ruwa kai tsaye ba. Ana samun na kamfanonin da suka yi suna, irin su Netafim na Isra'ila da Jain na Indiya, ana kuma samun marasa suna da ake sayarwa a naɗe. Hukuncinmu a kansu shi ne: ga mai tumatir, tattasai, kokwamba, kuɓewa ko kabeji, wanda ruwansa ba shi da dauɗa sosai, suna biyan kuɗinsu. Ga mai latas, sai da dabara. Ga mai ayoyo, wato lalo, da alayyahu da ake yafawa, kada ma ya fara. Kuma a duk ukun, abin da ke raba nasara da asara ba sunan da ke jikin kwali ba ne, lissafin da aka yi kafin a shimfiɗa tiyo ne, wanda galibi ba ya cikin cinikin.

Abin da ke cikin kayan ba shi da yawa. Akwai famfon buɗewa da rufewa a gindin tanki, sai filta, sai babban bututun baƙar roba mai faɗin milimita 25 ko 32, sai siraran tiyo na milimita 16 da ke bin fangali. A jikin siraran akwai 'yan ƙofofin da ruwa ke ɗiga, masu lambu na ce musu ido, tazarar santimita 20 ko 30 tsakaninsu. Sai mahaɗai, robobin baki da ake cusawa a hujin babban bututu, da abin toshe ƙarshen layi. Tanki da gadon da za a ɗora shi, yawanci kai za ka nema. A nan ake fara yin sakaci: lita 1,000 ta ruwa tan ɗaya ce cif, ban da nauyin tankin. Gadon katako da aka kafa a ƙasa mai laushi kusa da rafi zai karkace cikin damina ɗaya. A yi shi da bulo da siminti ko ƙarfe, samansa shafe ba rata, domin gindin tankin roba irin na Polytank yana so ya zauna gaba ɗaya, in ya rataya tsakanin sanduna biyu zai tsage.

Mu ɗauki lambu mai mita 25 da mita 20, wato murabba'in mita 500, bai kai fuloti ɗaya na ƙafa 100 da 70 ba. Idan fangali mita ɗaya ne, hanya rabin mita, za a samu fangali 16 masu tsawon mita 20. Layi biyu a kowane fangali ya zama tiyo mita 640, kuma in tazarar ido santimita 30 ce, idanu sun kai 2,130. Wurin da aka shuka murabba'in mita 320 ne. A tsakiyar rani ganye na shan wajen milimita 4 zuwa 5 a rana, kuma milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan lita 1,600, a ƙara na ɓarna ya zama 1,800. Da buta sawu 60 ne a ƙalla, kuma mai buta kan zuba fiye da haka don rabin ruwan yana bin hanya da gefen fangali. Da tanki mai lita 1,000, cikawa biyu ce.

Ga abin da mai shago ba ya faɗa, wani lokaci don shi ma bai sani ba. Idan aka rubuta a kwali cewa ido yana ba da lita 2 a awa, an auna shi ne a matsin bar ɗaya, wato kamar tanki yana sama da mita 10. Naka yana kan gado mai mita ɗaya da rabi. Idan ya cika, saman ruwan zai kai mita 2.7 ko kusa da haka, idan ya kusa ƙarewa ya dawo 1.5. A irin wannan matsi idon lita 2 yana ba da kamar lita ɗaya da farko, ya sauko zuwa ƙasa da 0.8. Ba lalacewa ya yi ba, haka ruwa yake: sai ka ninka tsayi huɗu kafin ɗigo ya ninka biyu. Wanda ya yi lissafin lokacin bayi da abin da ke jikin kwali, rabin ruwa zai riƙa ba shukarsa, ya ga ganye na yaushi ya ce kayan jabu ne. Akwai kuma tiyo mai tsada da ake rubuta wa PC, wanda idonsa ke daidaita matsi da kansa. Yana da kyau a gona mai gangare da injin turi, amma yana buƙatar wajen rabin bar kafin ya fara aiki yadda aka tsara shi. A ƙarƙashin tanki na mita biyu, ƙarin kuɗin da ka biya ya tafi a banza, wani ma ba zai ɗiga ba sam.

Babban bututu shi ma yana cin matsi. Idanu 2,130 in sun buɗe tare suna jan wajen lita 1,700 a awa, kuma bututun milimita 25 mai tsawon mita 25 zai iya cinye kusan rabin ɗan matsin da kake da shi kafin ruwa ya kai fangalin ƙarshe. Maganinsa a sayi na 32, a kafa tanki a tsakiyar gefen lambu maimakon kusurwa, a raba lambun biyu kowane ɓangare da famfonsa. Fangali takwas su sha tanki ɗaya cikin awa guda ko fiye kaɗan, a sake cikawa a ba sauran. Siraran layuka kada su wuce mita 20 zuwa 25, kuma a shimfiɗa su a kwance da gangare, ba su bi shi sama ko ƙasa ba. Bambancin rabin mita tsakanin farkon layi da ƙarshensa, ga mai matsin mita biyu, babban abu ne.

Kafin a biya mai haɗawa ragowar kuɗinsa, a yi gwajin gwangwani. A samu ƙananan gwangwanayen madara goma sha biyu, a tona a sa su ƙarƙashin idanu a farkon layi, tsakiya da ƙarshe, a fangali na kusa da tanki da na nesa. A buɗe ruwa minti biyar, a auna da sirinji. Ya kamata kowane ya tara wajen mililita 65 zuwa 80. In wanda ya fi ƙaranci ya gaza matsakaicin da fiye da kashi 20 cikin 100, akwai gyara: ko bututu ya yi ƙanƙanta, ko layi ya yi tsawo, ko ƙasa ba ta daidaita ba. Bayan awa ɗaya kuma a sa fartanya a tona a ga yadda jiƙar ta tafi. A ƙasa mai yashi ruwa yana nutsewa a tsaye kamar karas, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya da rabi ba, don haka layi biyu ba za su ishi jeri huɗu na latas ba, sai uku, ko a sayi mai tazarar santimita 20. A ƙasa mai yumɓu yana bazuwa gefe kamar albasa, layi biyu sun isa. Mai yashi ya raba bayinsa safe da yamma, don in ya zuba duka lokaci ɗaya ruwan zai wuce saiwa, latas kuwa saiwarsa ba ta cika wuce santimita 30 ba.

Toshewa ita ce ke kashe yawancin waɗannan kaya, kuma ruwan Ankara ya ƙware a kanta. Hanyar da ruwa ke bi cikin ido ba ta kai milimita ɗaya ba. Filtar da ake haɗowa da kayan rariya ce mai lamba 120, tana tare abin da ya fi maikiron 130, wato milimita 0.13, girma. Ga ruwan famfo ko rijiya mai tsabta ta wadatar. Ga ruwan rafi da kwata ke zuba a ciki, irin wanda masu lambu da yawa ke ja zuwa kududdufinsu, ƙaramar filta ta inci ɗaya kan cushe kafin tanki ya kai rabi. Daga nan sai yaron lambu ya gaji da wankewa, ya zare rariyar ya ajiye don ruwa ya yi gudu, cikin mako biyu idanu su mutu ɗaya bayan ɗaya. Ido in ya cika da laka ba a buɗe shi da allura, hujin da za ka yi zai riƙa tsartuwa ya kwashe rabon na bayansa.

Abin da ke aiki shi ne a tare dauɗa tun kafin ta iso tanki. Kududdufi biyu, ruwa ya kwana a na farko laka ta kwanta, ya malala ta sama zuwa na biyu. Bakin tiyon injin a ɗaure shi a jikin jarka mai iyo, ya tsaya santimita 20 zuwa 30 ƙasa da saman ruwa, kada ya taɓa taɓo. Injin fetur na inci biyu yana cika tanki cikin 'yan mintoci, amma ƙarfin nasa yana tayar da duk abin da ya kwanta, don haka in an cika a ba shi rabin awa kafin a buɗe. Ƙaramin injin sola da ke cikawa a hankali ya fi dacewa da wannan tsari, in dai akwai inda za a kulle farantinsa da dare. Mafitar tanki ta kasance sama da gindinsa da kamar santimita 10, a bar wata ƙofa a can ƙasa don zubar da lakar. A sayi filta babba, inci ɗaya da rabi ko biyu, mai fayafayai in an samu, domin tana riƙe yauƙi fiye da rariya kuma ba ta cin matsi kamar ƙarama. Tanki baƙi, a rufe. Fari ko buɗaɗɗe yana haifar da gansakuka. Sau ɗaya a mako a buɗe ƙarshen layuka, biyu ko uku a lokaci guda don ruwa ya samu ƙarfin kora, har sai ya fito garau.

Yauƙin da ke taruwa cikin tiyo kuwa sai kulorin. Ruwan bilic na wanki, wanda a nan kowa ke ce wa Parazone, yana yi, a duba ƙarfinsa a jikin gora. Mai kashi 5 cikin 100, mililita 200 a lita 1,000 na ba da miligiram 10 a kowace lita. Mai kashi 3.5 sai wajen mililita 290. A buɗe har layuka su cika, a rufe, a bar shi awa ɗaya, a buɗe ƙarshen layuka a kore. An fi so a yi haka tsakanin girbi da sabon dashe. Kada a haɗa shi da taki a tanki ɗaya.

Mai rijiyar burtsatse kada ya ce ya tsira. Ruwan ƙasa a wurare da dama na filin Ankara yana da gishiri, wani kuma yana da ƙarfe. Ruwa mai ƙarfe yana fitowa garau, in ya sha iska ya koma ja, kuma wannan tsatsar a cikin ido take kwanciya. Ƙasa da miligiram 0.2 a lita ba damuwa, sama da 1.5 matsala ce babba, sai an watsa ruwan a iska an bar shi ya kwana kafin a tace. Gishiri kuwa da ɗan ma'aunin EC na aljihu ake gane shi, wanda ke nuna yawansa a ruwa da awon dS/m. A ma'aunin hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ruwan da bai kai 0.7 dS/m ba lafiya lau ne, daga 0.7 zuwa 3 sai da kula, sama da 3 ba na kayan lambu ba ne. Latas da albasa su ne ragwaye, tun ruwa bai kai 1 ba suke fara rage yabanya. Tumatir da kokwamba sun fi juriya. Ɗigo yana tura gishiri zuwa gefen jiƙa, za ka ga farin zobe a ƙasa. In aka yi yayyafi marar ƙarfi, ruwan sama zai mayar da gishirin nan cikin saiwa, shi ya sa ake buɗe ɗigo ana tsakiyar yayyafin farko, ko da maƙwabta za su yi dariya. Kwalbar ruwa ɗaya da aka kai ɗakin gwaji na cibiyar binciken ruwa ta CSIR, hukumar binciken kimiyya ta Ghana, a Ankara kafin a sayi kaya ta fi naɗin tiyo araha.

Wajen taki, yuriya tana narkewa tas, ana iya narka ta a bokiti a tace da ƙyalle a zuba a tanki. NPK 15-15-15 na ƙwaya yana barin dusa, wurinsa ƙasa ne ba tanki ba. Ruwan kashin kaji ma haka.

Inda kayan suka fi burge mu shi ne tsabtar ganye. Buta tana zuba ruwa a kan latas ɗin da za a ci ɗanye, tana kuma fantsamo ƙasa a jikinsa. Ɗigo yana ajiye ruwa a gindi. Ƙa'idojin hukumar lafiya ta duniya, WHO, na 2006 kan amfani da gurɓataccen ruwa a noma sun lissafa ɗigo cikin matakan kariya, da ragin ƙwayoyin cuta na kashi 99 cikin 100 ga shuka mai kwanciya a ƙasa, fiye da haka nesa ga mai tsayi kamar tumatir da aka ɗaure a sanda. Sai dai ruwan da ya fi buƙatar wannan kariya shi ne ya fi toshe ido, don haka mai ruwan kwata shi ne zai fi kowa wahalar kula da kayan.

Dalilin da muka ce latas sai da dabara ba ruwa kaɗai ba ne. Latas wata ɗaya ne bayan dashe, a cire, a kaftu, a sake. Kowane juyi sai an ɗage layuka an mayar. Siririn tiyo mai kaurin milimita 0.15 zuwa 0.2, wanda shi ne mai araha, ba ya jure wannan. Lanƙwasa biyu uku ya fara tsagewa. Araha ba ta ado: a nemi mai kaurin 0.9 ko 1, ko aƙalla 0.4. Ga kuma matan kasuwa da ke sayen fangali sukutum su zo su cire da kansu, hankalinsu na kan ganye, ba kan baƙar igiyar da ke ƙarƙashi ba. Sabon dashe ma yana son a yayyafa masa ta sama kwana uku zuwa biyar kafin saiwa ta kama, wurin renon iri kuwa buta ce har abada. Kada wanda ya sayi ɗigo ya sayar da butocinsa. Da hunturu ɓeraye da gafiya suna huda tiyo don ƙishi. Tsofaffin kwanoni da ruwa a gefen lambu suna rage ɓarnar, kuma mahaɗai ashirin na gyara su kasance a aljihu tun ranar farko. Baƙar roba tana miƙewa da rana ta tsuke da dare, don haka a shimfiɗa da safe, kada a ja ta tamau, idanu su kalli sama.

Farashi yana bin dala don daga waje ake shigo da kusan komai, saboda haka a sa mai shago ya rubuta kowane yanki da kuɗinsa, da kaurin tiyo, da tazarar ido, da lambar filta, maimakon kuɗi dunƙule. Mai lambun da ke kan filin gwamnati ko ƙarƙashin wayar lantarki, wanda ba shi da takarda, ya yi tunani kafin ya zuba siminti. Gadon ƙarfe mai kwancewa ya fi masa.

Duk lissafin nan, tun daga auna fili har gwajin gwangwani, sana'a ce, kuma ita ce giɓin da ke kasuwar. Masu sayarwa sun fi masu haɗawa yawa. Yaron zango da ya gama sakandare ya iya lissafi, kayan aikinsa ba su wuce tef na awo, ma'aunin EC, takardar gwajin tsamin ruwa (pH), abin huda bututu, sirinji, littafin rubutu da tiyon nan mai haske da magina ke daidaita gini da shi ba. In ya haɗa tiyon a ƙarshen layi ya ɗaga shi sama, tsayin da ruwa ya hau shi ne matsin da ke wurin, ba sai da agogon auna matsi ba. Mai son zurfafawa, akwai sashen injiniyancin noma a jami'ar KNUST ta Kumasi da Jami'ar Ghana a Legon, wadda ke da cibiyar binciken ƙasa da ban ruwa a Kpong, akwai kuma cibiyar ruwa da ban ruwa ta WACWISA a jami'ar UDS ta Tamale. Hukumar raya ban ruwa ta Ghana, GIDA, da aka kafa a 1977, tana da filayen noman rani a Ashaiman, Dawhenya da Weija, duk kusa da gari, inda mutum zai ga magudanai da rabon ruwa da idonsa. Cibiyar kula da ruwa ta duniya, IWMI, ofishinta na Afirka ta Yamma a Ankara yake, kuma ta daɗe tana aiki da masu lambun birni. Wanda zai haɗa wa babbar gona mai jan ruwa da yawa daga rafi ko rijiya, ya tuna da izinin hukumar albarkatun ruwa da aka kafa da dokar 1996.

Mai lambun da ke son gwadawa ya fara da fangali huɗu na tattasai ko kabeji da durom ɗaya na lita 200, a cika sau biyu a rana, ya kwatanta da huɗu na buta har girbi. Lokacin kafawa shi ne Nuwamba zuwa farkon Disamba, ƙaramar damina na janyewa. Idan Mayu ta kama, wanda lambunsa ke bakin rafi ya kore layukan, ya bar su su tsane, ya naɗe kowane a kan tsohuwar taya ko gangar katako, ya rubuta lambar fangalinsa a jiki, ya kai ɗaki ya rataye inda ɓera ba ya kai, domin ambaliyar Yuni in ta shiga lambu, laka take cusawa cikin idanu ta waje, inda filta ba ta da iko.